Kensington da Chelsea: mazaɓar da ta yi shekara 13 ta mutu

Bakanon Landan:
Salamu alaikum jama'a. Shekaranjiya da muke gardamar ko iyakar mazaɓa kaɗai tana iya sauya wanda zai ci zaɓe, na yi alkawarin kawo misali daga nan inda nake zaune. To ga shi.

A yammacin Landan akwai ƙaramar hukuma mai suna Kensington da Chelsea, an kafa ta a 1965 bayan an haɗe ƙananan hukumomi biyu. A can Harrods yake, a can fadar Kensington take, a can kuma Abuja House yake, gidan jakadanmu da Buhari ya sauka lokacin jinyarsa ta 2017. A zaɓen 1997 aka ƙirƙiro mazaɓar ɗan majalisar dokoki da wannan suna, a 2010 aka soke ta. Shekara 13 ke nan duk rayuwarta. Babban zaɓe uku ta gani, da na cike gurbi ɗaya.

Abin lura shi ne sunan ya fi mazaɓar faɗi. Gundumomin kansila 21 ne a ƙaramar hukumar a lokacin, amma 16 aka zuba cikin mazaɓar. Biyar na arewa, wato Golborne, Colville, St Charles, Kelfield da Avondale, aka yanke su aka liƙa wa wata sabuwar mazaɓa, Regent's Park da Kensington ta Arewa. Waɗannan biyar ɗin kuwa nan ne talakawa suke. Nan ne dogayen benen haya na ƙaramar hukuma, nan ne 'yan Maroko da mutanen Karebiyan. Da aka cire su sai aka bar zallar masu hannu da shuni. Kujerar ta zama ta jam'iyyar Conservative har kafin a buga takardar ƙuri'a.

Ɗan Fagge:
Yaya, ni fa da na ga Chelsea na ɗauka maganar ƙwallo za a yi. Ashe dai mazaɓarmu ce ta 'yan Stamford Bridge. Allah ya ja da ran Blues.

Bakanon Landan:
Ƙanena, yi haƙuri da abin da zan faɗa maka. Filin Stamford Bridge ba a Chelsea yake ba, a Fulham yake, cikin ƙaramar hukumar Hammersmith da Fulham. Duk shekara 13 ɗin nan filinku bai taɓa shiga mazaɓar ba. Sai a 2010 da aka ƙirƙiro Chelsea da Fulham suna da fili suka haɗu a kujera ɗaya.

Ɗan Fagge:
Innalillahi. Yau kuma da wannan aka tashe ni. Kada 'yan Arsenal ɗin gidan nan su ji.

Kawu Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Malam Bakano, na karanta, amma ina da ja. Yadda ka tsara maganar kamar wasu ne suka shiga ɗaki suka rufe ƙofa suka yanka wa jam'iyya nama. Na koyar da darasin gwamnati shekaru da dama, kuma abin da na sani shi ne a Birtaniya ba jam'iyya mai mulki ke shata iyaka ba. Hukumomi huɗu ne, ta Ingila, ta Scotland, ta Wales da ta Ireland ta Arewa. A takarda shugaban majalisa ne shugabansu, amma alƙalin babbar kotu ne ke jan aikin. Su fitar da daftari, jama'a su kawo ƙorafi, a zauna a saurara, a gyara.

Dalilin taɓa wannan yanki kuma lissafi ne. Kafin 1997, Kensington da Chelsea na da kujera biyu, maƙwabciyarta Westminster tare da tsohon birnin Landan na da biyu, huɗu ke nan. Masu rajistar zaɓe a tsakiyar Landan sun yi ta raguwa, domin gidajen da yawa na baƙi ne marasa ƙuri'a, wasu kuma masu su sai lokacin hutu suke leƙowa. Ƙaramar hukumar ta yi kaɗan ta riƙe kujera biyu, ta yi yawa ta zama kujera ɗaya. Sai aka haɗa ta da Westminster, huɗu suka koma uku. Dole a yanki wani ɓangare. Ina laifin hukuma a nan?

Bakanon Landan:
Kawu, ranka ya daɗe, ban ce an yi maguɗi ba. Duk abin da ka faɗa haka yake. Cewa nake ko mai jan layin waliyyi ne, layin da ya ja yana da sakamako. Bari in lissafa maka mutanen da suka hau kujerar ka gani da idonka.

Na farko Alan Clark. Shi tsohon ɗan majalisa ne daga Plymouth, can kudu maso yamma, ya riƙe kujerar Plymouth Sutton daga 1974 zuwa 1992 ya ajiye da kansa, daga baya ya yi nadama. Gidansa ma wata tsohuwar fada ce a Kent. Asali Nicholas Scott, ɗan majalisar Chelsea, aka ba tikitin sabuwar mazaɓar. An same shi da laifin tuƙi cikin maye, jaridu suka sa shi gaba, a ƙarshen 1996 'yan jam'iyya na mazaɓar suka ƙwace tikitin. Clark ya shigo yana da shekara kusan 69, ya ci zaɓe a shekarar da Tony Blair na jam'iyyar Labour ya share ƙasa da kujeru 418. Ya rasu a Satumban 1999.

Na biyu Michael Portillo. Shi ne ministan tsaro, ana ganin shi zai gaji jam'iyya, sai ga wani matashi Stephen Twigg ya kayar da shi a Enfield Southgate a daren zaɓen 1997, ƙasa duka na kallo a talabijin. Shekara biyu yana waje. Clark na rasuwa aka ba shi tikiti, ya ci zaɓen cike gurbi a Nuwamban 1999.

Na uku Malcolm Rifkind, tsohon ministan harkokin waje. Mutumin Edinburgh ne, ya riƙe Edinburgh Pentlands tun 1974, ya faɗi a 1997 lokacin da Conservative ta rasa duk kujerunta na Scotland. Ya sake gwadawa a 2001, ya sake faɗuwa. A 2005 ya tattaro ya sauko Landan, aka ba shi wannan kujera.

Mutum uku, duk tsofaffin ministoci, duk daga wata mazaɓar suka taso, biyu kuma masu zaɓensu ne suka kore su. In wannan ba asibitin manya ba ne, mene ne?

Ɗan Maraɗi:
Wannan ai mu ɗauki-ɗora muke ce masa. Ashe har Turawa na yi. Amma tambayata, doka ta yarda mutum ya taso daga Scotland ya tsaya a Landan? Babu maganar ɗan ƙasa da baƙo?

Lauyan Zaure:
Babu, Malam. Dokarsu ba ta ce sai kana zaune a mazaɓa ko an haife ka a cikinta ba. Masu sa maka hannu a takardar takara ne dole su kasance masu rajista a wurin. Kuma ba lallai daga sama ake ɗora mutum ba, 'yan jam'iyya na mazaɓar ne ke taruwa su tantance su zaɓa. Matsalar ita ce a kujera irin wannan, wancan taron na 'yan jam'iyya shi ne zaɓen gaskiya. Ranar babban zaɓe zuwa ake a tabbatar da abin da aka riga aka gama. Shi ya sa faɗuwar Nicholas Scott ta fi kowane zaɓe da aka yi a mazaɓar zafi.

Ƙarin bayani ga masu zama can: ɗan Najeriya, ɗan Gana ko ɗan Kamaru da ke da izinin zama yana da ƙuri'a a zaɓen majalisar Birtaniya, saboda ƙungiyar Commonwealth. Ɗan Nijar ba shi da ita sai ya karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Ka yi haƙuri Ɗan Maraɗi, Faransa ce ta jawo maka.

Ɗan Maraɗi:
Wannan ma cikin bashin da muke bin ta.

Kawu Bazazzagi:
Sunayen nan biyu sun tuna mini abubuwa. Alan Clark ai shi ne wanda aka ruwaito ya kira ƙasashen Afirka "Bongo Bongo Land" lokacin yana ƙaramin minista a gwamnatin Thatcher. Rifkind kuwa shi ke riƙe da harkokin waje a Nuwamban 1995, sa'ad da aka rataye Ken Saro-Wiwa aka dakatar da Najeriya daga Commonwealth a taron Auckland. Mu da muke manne da rediyo a lokacin mun sha jin sunansa. Ban san daga baya unguwar gidan jakadanmu ya koma wakilta ba.

Maman Ilham:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan unguwa na san ta, na yi shekaru ina aikin kula da tsofaffi a cikinta. Wanda ke son ya fahimci abin da Malam Bakano ke faɗa ya hau bas mai lamba 52 daga Victoria. Za ka wuce Knightsbridge, ka wuce Kensington, gidaje farare tas, da dare rabinsu babu fitila domin masu su na wata ƙasar. Kana wuce Notting Hill Gate ka gangara Ladbroke Grove, kafin ka kai gadar sama ta Westway duniya ta canja. Tafiyar 'yan mintuna ce. Da safe in yi wa tsohuwa wanka a gidan da ke da ɗaki takwas ita kaɗai, da yamma in je wa wata da ke hawa na sha wani abu, lif ya lalace, jikoki cike da falo.

Sai dai Malam, a nan zan rabu da kai. Kana magana kamar yanke arewa da aka yi cutar arewa aka yi. Ni a ganina riba suka ci. Daga 1997 zuwa 2010 Karen Buck ta Labour ce wakiliyarsu, wadda suka zaɓa da hannunsu, mace ce da maganar gidajen haya ta dame ta. Ita ce daga baya ta kawo ƙudurin da ya zama doka a 2018, wanda ya ba ɗan haya damar kai mai gida kotu in gidan bai cancanci zaman mutum ba. Da aka maido su cikin Kensington a 2010, wa suka samu? Rifkind. Bayansa Victoria Borwick. Shekara bakwai suna ƙarƙashin jam'iyyar da yawancinsu ba su zaɓa ba. To wanne ya fi wa talaka, a ware shi ya sami nasa, ko a gauraya shi ƙuri'arsa ta nutse?

Bakanon Landan:
Hajiya, wallahi kin kama ni a nan, ban kalli abin ta wannan fuska ba. Amma ki bari in ƙarasa labarin, domin ƙuri'ar ba ta nutse har abada ba.

A 2010 hukuma ta sauya abokin haɗi. Ta raba ƙaramar hukumar da Westminster ta haɗa ta da Hammersmith da Fulham. Chelsea ta tafi Fulham, Greg Hands na Conservative ya ci. Sauran Kensington, kudu da arewa, suka koma kujera ɗaya. Kowa na cewa ai ta Conservative ce har gobe. Sai zaɓen 8 ga Yuni 2017. Aka ƙirga, aka sake, aka sake, ma'aikata suka gaji aka sallame su su je su yi barci. Ita ce mazaɓa ta ƙarshe da aka sanar a duk ƙasar, da daren washegari. Emma Dent Coad ta Labour, kansilar Golborne, ta kayar da Borwick da ƙuri'a 20. Ashirin, Hajiya. Fasinjan bas ɗinki ɗaya sun fi haka.

A tsohuwar mazaɓar ta 1997 wannan ba zai taɓa faruwa ba ko da sama da ƙasa za su haɗu. Mutanen dai su ne, titunan su ne, layi kawai aka matsar.

Maman Ilham:
Na tuna daren. Kuma ba a yi mako ba gobara ta kama benen Grenfell da ke arewacin Kensington, 14 ga Yuni. Bene mai hawa 24, mutum 72 suka rasu. Cikin azumi ne, waɗanda ba su kwanta ba suna jiran sahur na cikin waɗanda suka fara buga wa maƙwabta ƙofa. Masallacin Al-Manaar ya zama wurin kwana da rabon abinci, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Har yau ba na iya bin ta wajen ban ji ƙirjina ya yi nauyi ba. Allah ya jiƙan Musulmin cikinsu.

Ɗan Fagge:
Amin. To Yaya, ke nan da tun farko ba a yi ta wasa da iyakar ba, da gobarar ba ta faru ba?

Lauyan Zaure:
A'a, kada mu ɗora wa iyaka abin da ba nata ba. Benen na ƙaramar hukuma ne, ita da hukumar da ta damƙa wa kula da gidajenta suka yi kwaskwarimar da aka lulluɓe shi da abin da ya ci wuta. Ɗan majalisar dokoki ba ya ba da kwangilar gyaran bene. Iyakar ƙaramar hukumar kuwa ba ita aka yi ta yankawa ba, kuma tun kafa ta Conservative ke riƙe da ita, domin gundumomin kudu sun fi na arewa yawa. Shugaban ƙaramar hukumar ya yi murabus a ƙarshen watan. In akwai darasin iyaka a Grenfell, a can yake, ba a kujerar majalisa ba. Wannan ma ya ɗan ƙarfafa maganar Hajiya: inda aka gauraya su dindindin, kullum su ne marasa rinjaye.

Kawu Bazazzagi:
Rabuwar kudu da arewa a wurin nan ta girmi dukanmu. Tun 1885 akwai Kensington ta Arewa da Kensington ta Kudu, kowacce da kujerarta, har 1974. Ta arewa Labour ta riƙe ta tun daga 1945. A can aka yi tarzomar Notting Hill ta 1958, fararen matasa suka far wa baƙaƙen fata. A 1959 aka kashe Kelso Cochrane, kafinta ɗan Antigua, kuma a shekarar Oswald Mosley, jagoran 'yan fasist, ya zo ya tsaya takara a mazaɓar yana neman cin ribar ƙiyayya. Ya sha kaye har kuɗin ajiyarsa na takara ya rasa. Don haka hukumar 1997 ba ta ƙirƙiro tsagar ba, bin ta ta yi.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ku ba ni wuri in saka namu. A 2019 Sam Gyimah, wanda ya yi makarantar Achimota a nan Gana, ya bar Conservative kan rikicin fita daga Tarayyar Turai, ya zo Kensington ya tsaya a Liberal Democrat. Bai ci ba, na uku ya zo, amma ƙuri'un da ya kwasa sun fi tazarar nesa ba kusa ba. Felicity Buchan ta Conservative ta karɓe kujerar da ƙuri'a 150. 'Yan Labour har yau suna jin haushinsa.

Bakanon Landan:
Haka aka yi. 20 a 2017, 150 a 2019. Sannan a 2024 aka sake yanka. Kensington ta koma Kensington da Bayswater, Joe Powell na Labour ya ci. Kawu, Bayswater ɗin nan ita ce unguwar da aka sace Umaru Dikko a ƙofar gidansa a 1984 aka sa shi a akwati. Chelsea da Fulham ma an ɗan taɓa ta, Ben Coleman na Labour ya kayar da Greg Hands da ƙuri'a 152. Yankin da a 1997 guguwar Blair ba ta girgiza shi ba, yau ba shi da ɗan majalisar Conservative ko ɗaya. Ban ce iyaka kaɗai ta yi wannan ba, jam'iyyar ta faɗi ko'ina a 2024, maganar Turai ma ta ɓata ta da masu kuɗin Landan. Amma in tazara ta zama 152, kowane titi da aka shigar ko aka fitar yana da magana.

Ɗan Maraɗi:
Ni abin da ya ɗaure mini kai, ba sa gajiya da yankan? Mutum ya saba da wakilinsa, sai a wayi gari a ce ya koma wata mazaɓa.

Lauyan Zaure:
Su ma suna ƙorafin haka. Kuma kada a ɗauka 'yan siyasarsu ba sa sa hannu. A 2011 aka yi doka a rage kujeru daga 650 zuwa 600. Aka yi aikin, a 2013 majalisa ta dakatar da shi bayan abokan haɗakar gwamnati sun ɓata. Aka sake wani a 2018, shi ma aka jingine. Kowa na duba ko kujerarsa ce za ta tafi. Shi ya sa dokar 2020 ta bar kujeru 650, ta ce a riƙa bita duk shekara takwas, ta kuma cire wa majalisa ikon kaɗa ƙuri'a a kan sakamakon. A bitar ƙarshe kowace mazaɓa, ban da 'yan tsibirai da aka keɓe, dole masu rajistarta su faɗa tsakanin 69,724 da 77,062.

Mu a Najeriya sashe na 73 na tsarin mulki ya ba INEC aikin bitar mazaɓu, sashe na 74 kuma ya ce sai majalisa ta amince kafin sauyin ya fara aiki. Kujeru 360 da muke zaɓe a kansu an shata su ne tun zamanin Abacha, ƙidayar ƙarshe kuma 2006. Dubi Abuja, duk cikar da ta yi, 'yan majalisar wakilai biyu gare ta. Dubi Kumbotso da Ungogo yadda Kano ta malala cikinsu. Ko rumfunan zaɓe kimanin 30,000 da Jega ya so ƙarawa a 2014, hayaniyar kudu da arewa ta sa aka fasa, sai 2021 aka iya ƙara rumfuna. Wanda ya kasa taɓa rumfa cikin sauƙi, ina zai taɓa kujera?

Kawu Bazazzagi:
Barista, a nan kam ina tsoro. Ranar da aka ce za a sake shata mazaɓu a ƙasar nan, gwamna ne zai riƙe alƙalamin ta bayan labule. Gara tsohon layin da ya karkace da sabon da aka ja don a kashe wani. Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago.

Maman Ilham:
Kawu, da girmanka, tsohon layin ma ai wani yake kashewa, shiru kawai yake yi. Matar da ke Rijiyar Zaki ko Ɗorayi tana layi tun asuba, ƙuri'arta ba ta kai nauyin ta wanda ke mazaɓar da ba ta kai rabin tasu ba. Ba ta san ma an rage mata ba.

Malam Bakano, tambaya ɗaya. Portillo fa, ina ya ƙare? Na ga kamar shi ne mai jaket kala-kala a talabijin.

Bakanon Landan:
Shi ne, Hajiya. Da ya dawo majalisa aka ba shi kakakin adawa kan harkar kuɗi, ya nemi shugabancin jam'iyya a 2001. A zagayen ƙarshe na 'yan majalisa Kenneth Clarke ya sami 59, Iain Duncan Smith 54, shi 53. Ƙuri'a ɗaya ta fitar da shi. A 2005 ya ajiye siyasa, ya bar wa Rifkind kujerar, ya koma yawo a jirgin ƙasa ana ɗaukarsa.

Ɗan Fagge:
Ni dai har yanzu maganar filin nan ce ta tsaya mini. Yaya, in ka sami hutu ranar Asabar ka je ka ɗauko mini hoton allon titin, in gani da idona an rubuta Fulham.